An gama gashi, sai kowa ya watse

Rubutun nan dogo ne, na faɗa tun da wuri, mai sauri ya ajiye sai ya samu sarari.

Tun jiya nake ganin hotuna suna yawo saboda 4 ga Fabrairu, ranar cutar daji ta duniya. An yi tattaki, an sa riguna da huluna iri ɗaya, an yi jawabai a kan gwaji da wuri da sayen na'urori. Duk daidai ne, ban raina ko ɗaya ba. Amma na duba na sake dubawa, ban ga wanda ya taɓo abin da ke faruwa bayan an sallami mutum ya koma gida ba. Ni kuwa a nan nake zaune yau wata 14, shi ya sa na ce bari in yi magana. Da izinin mai ciwon nake yi, sai da na karanta masa kafin in saka.

Maigidana malamin makaranta ne, shekara 22 yana koyar da lissafi a sakandare. Muryarsa ce jarinsa. Da ta fara dishewa kowa ya ce ƙurar alli ce da yawan ɗaga murya a aji. Muka yi ta zuma da citta da lemon tsami, muka yi ta sintiri a kemis, wannan ya ba da kafso wancan ya ba da na tsotsa, har wata takwas. Sai da ta kai in yana barci numfashinsa na ƙara kamar ana busa usur, wani dare ya kasa kwanciya sam, sannan muka dangana da likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A daren aka huda masa wuya aka sa roba don ya samu hanyar numfashi. Aka ɗebi tsoka aka kai gwaji, sakamako ya fito, daji ne, daidai inda murya ke fita. Kafin in wuce, don Allah ku riƙe wannan ko da shi kaɗai za ku ɗauka: murya in ta dishe ta wuce mako uku ba ta dawo ba, musamman ga mai shan sigari ko wanda ya taɓa sha, a je a leƙa maƙogwaron da na'ura. Da mun je a wata na farko da labarin ya fi haka sauƙi.

An yi masa gashi sau 35, Litinin zuwa Juma'a, mako bakwai, a wani gari mai tafiyar awa huɗu daga namu, muna raɓe a gidan wata ƙanwar mahaifiyata. A tsakani aka sa masa ruwan kemo sau uku, duk bayan mako uku. Ba zan tsaya a nan ba, don wannan ɓangaren mutane sun ɗan san shi, kuma a nan ne al'ummarmu ke nuna halinta na kirki. Wallahi an yi mana. Abokan aikinsa sun yi karo-karo, an buɗe guruf a WhatsApp, tsofaffin ɗalibansa sun turo, an yi sanarwa a masallacin unguwa. Na sayar da 'yan kunnena da awarwaro, shi ma filinsa ya tafi, amma ba don taimakon jama'a ba da ba mu kai ƙarshe ba. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Ranar da aka yi na 35, wani ɗan'uwansa ya rubuta a guruf, Alhamdulillah an gama, gobe za su dawo gida. Aka yi ta turo addu'a. Washegari gida ya cika, har da masu cewa ya kamata a yi walima. Bayan mako guda ƙafa ta ɗauke, guruf ya yi tsit.

Ban ga laifinsu ba. Mu a saninmu in an ce an gama magani to an warke, kamar zazzaɓin cizon sauro, allura uku ka miƙe. Gashi ba haka yake ba. Hasken da ake harbawa ɓarnarsa na ci gaba da bayyana a jiki bayan an kashe na'ura, shi ya sa mako ɗaya zuwa biyu na bayan sallama suka fi kowane lokaci tsanani a duk jinyar. Likita ta faɗa mana, amma a tsaye, ga layi a bayanmu, ni kuma kaina ya cika da murnar tafiya gida, ban ba maganar nauyinta ba.

Bakinsa da maƙogwaronsa duk suka zama gyambo kamar an kwara tafasasshen ruwa. Fatar wuya ta yi baƙi, ta saɓule, tana ruwa. Yawu ya kafe, abin da ya rage wani abu ne mai danƙo kamar ƙaro, ya tofar ya ƙi fita sai na sa ƙyalle na janyo. Ko ruwa ya kurɓa sai hawaye. Ga robar wuya, dole a riƙa ciro ta cikin ana wankewa sau da yawa a rana, don in kaki ya bushe ya toshe ta, numfashinsa ne ya toshe. Kuma a Disamba muka dawo, tsakiyar hunturu. Mai lafiya hancinsa ne ke tace iska, ya jiƙa ta, ya ɗumama ta kafin ta isa huhu. Mai roba a wuya kuwa iskar hunturu da ƙurarta kai tsaye suke shiga. Sai na riƙa jiƙa siririn ƙyalle mai tsabta ina rufe bakin robar, ina ajiye bahon ruwan zafi a ɗaki saboda tururi. Wata ɗaya da rabi ban yi barcin awa uku a jere ba, kunnena na kan numfashinsa.

A cikin wannan halin ne in an bugo waya an ce ya mai jiki, sai in ce da sauƙi. To me zan ce? Haka aka tarbiyyantar da mu, ko mutum na gargara da sauƙi ake cewa. Kalma ce mai kyau, akwai tawakkali a cikinta, amma daga baya na gane ni take cuta. Duk wanda na ce wa da sauƙi na sallame shi ke nan, ya tafi zuciya wasai, ni in koma ɗaki in zuba tagumi. Da na buɗe baki na ce ko ruwa ba ya iya haɗiya kuma madara ta ƙare, na san da yawa da sun motsa. Don haka rabin laifin watsewar nan namu ne masu jinya, ba zan ɓoye ba. Yanzu in na je dubiya ba na tsayawa a ya jiki. Sai in ja mai jinyar gefe in ce me ya ci yau, ke kin yi barci kuwa, yaushe za ku koma asibiti, akwai kuɗin mota?

Sai maganar abinci, wadda ita ce ta kusa raba ni da dangin mijina. Malam ya shiga jinya da kilo 74, ya fito da 55. Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta taso daga ƙauye da zabbi biyu, ta yi farfesu da hannunta, ta zuba masoro da citta da kanumfari kamar na mai jego. Ta ce, "Haba Auta, daure ka sha, wannan ruwa-ruwan da ake ba ka ai ba ya tsayar da namiji." Na ce, "Yaya, yaji ba zai wuce masa ba." Ko kallona ba ta yi ba. Shi kuma don kunyarta ya kai cokali ɗaya. Ya sarƙe, ya yi ta tari har ya shiɗe, romon na fitowa ta robar wuya. Ta fita tana kuka. Amma labarin da ya isa ƙauye shi ne ina yi masa horon yunwa, na hana shi cin abincin 'yan'uwansa. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗin ko da hannu a ciwon. Kun san mu, ciwo in ya daɗe sai an nemo wanda ya yi shi, matar gida kuwa ita ce kusa.

Abin da Yaya ba ta sani ba, ni ma a lokacin ban gama saninsa ba, shi ne hanyar abinci da hanyar iska maƙwabtan juna ne a wuya. Duk lokacin da muka haɗiye abu akwai murfin da ke rufe hanyar iska, abincin ya wuce ta bayansa. Gashi na kumbura naman wurin, daga baya ya sa shi ya sandare, sai murfin ya daina rufewa da sauri. Abin da zai ba ku mamaki, tsinkakken ruwa ya fi mai kauri haɗari, saboda gudu yake yi, kafin murfi ya rufe ya riga ya gangara huhu. Daga nan sai ciwon huhu, mutum ya tsallake daji namoniya ta kayar da shi. In kun ga mai irin wannan jinya na tari duk lokacin da ya sha abu, ko muryarsa ta koma kamar akwai ruwa a ciki bayan ya haɗiye, ko zazzaɓi ya taso, asibiti za a koma, ba sai ranar da aka rubuta ta zo ba.

Kuma a nan zan amsa wani laifin namu. Tun ana gashi likita ya ce a sa masa robar abinci ta hanci, muka ƙi. A wurinmu in an ce an sa wa wane robar hanci, ai sai a fara salati, an ɗauka tafiya ce ta zo. Sai da ya kusa ƙarewa muka yarda. Mako biyar ya yi da ita, ina ɗura masa kunu da madara da sirinji, kuma ita ce ta tsayar da ramar. Da mun yarda da wuri da bai zubar da kilo 19 ba. Haka ruwan mofin da aka rubuta masa na raɗaɗi, mun ji tsoro wai zai zama ɗan ƙwaya. Ashe in an ba shi yadda likita ya tsara, kamar rabin awa kafin abinci, shi ke ba shi damar haɗiya. Yana dai ɗaure ciki, sai an haɗa da maganin hakan.

Da ya fara ci da baki, abincin da ya karɓe shi duk na gida ne, ba wani abin kanti mai tsada ba. Kunun gyaɗa mai kauri, ba tsamiya ba lemon tsami, don duk abu mai tsami wuta ne a bakinsa, in zuba madarar gari da ɗan man shanu. Alale mai taushi ba attaruhu. Faten dankali da kabewa da ƙwai in markaɗe a bilenda. Wanda ya fi taimakonmu kuwa miyar kuɓewa ce da ta karkashi, yauƙinsu ne ya tsaya a madadin yawun da babu, loma ta samu abin da za ta zame a kai. Kaɗan-kaɗan, sau shida har takwas a rana, ɗumi-ɗumi, yana zaune sosai ba a kishingiɗe ba, kuma ba zai kwanta ba sai bayan rabin awa. Kafin ci da bayan ci ya kurkure baki da ruwan da aka tafasa ya huce, lita ɗaya, cokalin shayi ɗaya na gishiri, ɗaya na bekin soda. Bekin soda fa na ce, ba kanwa ba. Ɗanɗano kam ya tafi gaba ɗaya, ya rubuta min wata rana cewa komai kamar katifa yake tauna. Ku yi tunanin a ce sau takwas a rana za ku ci katifa, ga zafi, ga mace a kanku tana cewa ƙara cokali ɗaya. Sai wajen wata na huɗu ya fara jin gishiri, zaƙi ya biyo baya.

Masu kawo magani kuwa ba a magana. Wannan ya kawo sassaƙe, wannan tsimi, wannan gari wai a busa a maƙogwaro, wata ta turo lambar wani da ke talla a TikTok yana cewa yana warkar da daji cikin kwana 40. Har wanzami aka turo min gida wai beli ne ya sauko a cire. A maƙogwaron da aka gasa sau 35! Na tsaya a bakin ƙofa na ce sai dai a bi ta kaina. Addu'a ba mu taɓa bari ba, ita ce ma ta riƙe mu, kuma ban ce duk maganin gargajiya ƙarya ne ba. Amma kemon da aka sa masa dama yana wahalar da ƙoda, kuma ba wanda zai gaya maka abin da ke cikin jarkar nan. Ka'idata ɗaya ce, ba abin da zai bi ta wuyansa sai likitansa ya sani. Wannan ka'idar ta jawo min baƙin jini, na ɗauka. Su ma 'yan dubiya masu feshe jiki da turare, da masu cewa in sa turaren wuta ɗakin na warin asibiti, don Allah a yi haƙuri. Hayaƙi ko wane iri ne, har na girki da maganin sauro na kunnawa, kai tsaye yake shiga huhun mai roba.

A wata na huɗu aka cire robar wuya, hudar ta rufe da kanta. Na ɗauka mun fita, ashe tsugune ba ta ƙare ba, akwai waɗanda ke zuwa a makare. Yawu shi ke kare haƙori, in ya kafe haƙora sai su fara ruɓewa da sauri. Kuma ƙashin muƙamuƙin da haske ya ratsa ba ya warkewa kamar da, in aka cire haƙori ba tare da shiri ba ciwon na iya ƙin rufewa har ƙashin ya lalace. Don haka duk likitan haƙorin da za a je wurinsa, maganar farko ita ce an taɓa yi masa gashi a wuya, ko da bayan shekara goma ne, masu cire haƙori na kasuwa kuwa a nisance su. Muƙamuƙi da wuya suna sandarewa, dole kullum ya riƙa motsa su, muna gwada buɗewar bakinsa da yatsu uku a tsaye. Ƙarƙashin haɓarsa ya kan kumbura da safe, ranar farko na ɗauka ciwon ne ya dawo, na yi kuka na gode Allah, ashe ruwa ne ke taruwa saboda hanyoyinsa sun toshe. Kunnensa na ƙara, jinsa ya ɗan ragu, wannan aikin kemo ne. Sannan a wata na tara ya koma kullum barci, kullum jin sanyi, ba ya son komai. Na ce damuwa ce, wasu suka ce lalaci ya koya. Da aka auna jini sai ga shi tayirod ce ta yi rauni, wannan halittar ta gaban wuya da in ta kumbura muke cewa maƙoƙo, ita ma haske ya taɓa ta. Ƙwaya ɗaya ƙarama kowace safiya, cikin makonni ya dawo mutum. Gwajin jini ɗaya fa. Mutum nawa ne ke kwance a gida yanzu ana ce musu ragwaye saboda ba a yi musu shi ba?

Amma duk wannan bai kai maganar murya ba. Mutumin da in ya yi gyaran murya aji mai yara 80 ke yin tsit, ya koma in yana son ruwa sai ya buga cokali a jikin kofi. Littafi uku ya cika da rubutu, yawanci buƙatu ne, wasu shafukan kuwa faɗa ne, har da wanda biro ya huda takarda. Ya taɓa jifa da kofi, mutumin da tun aurenmu bai taɓa ɗaga min hannu ba. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito na share wurin. Da muryar ta fara dawowa, wata iri ce, a shaƙe, ƙasa-ƙasa, tana gajiya bayan 'yan mintuna. Ya daina zuwa majalisa, na tambaye shi dalili, ya ce wasu ihu suke masa kamar kurma, wasu suna ƙarasa masa magana kafin ya kai, wasu kuma a gabansa za su juyo su tambaye ni wai yana samun sauƙi kuwa. Akwai gidan da aka ware masa kofi. Jama'a daji ba a ɗaukarsa ta kofi ko tari ko musabaha. Akwai kuma masu cewa ai sigari ce, shi ya jawo wa kansa. E, ya sha, ya bari shekara tara kafin ciwon, kuma gaskiya ne sigari da giya su ne kan gaba wajen kawo irin nasa. Amma a layin asibiti na zauna da matan da ko warin sigari ba sa so, don akwai nau'in da ƙwayoyin cuta ke kawowa, ciki har da HPV, wadda aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta a Najeriya a Oktoban 2023. Ko ma dai mene ne sanadi, gori ba ya cikin ladubban dubiya.

Mu ma mun gode Allah an bar masa maƙogwaronsa. Akwai waɗanda ake cire musu wurin muryar gaba ɗaya, su ƙare rayuwa suna numfashi ta huda a wuya. Akwai na'urar da ake dannawa a wuya ta ba da sauti, akwai 'yar roba da ake dasawa ta dawo da magana, amma daga waje ake kawo su, talaka sai dai ya ji labari. Na san wani dattijo manomi a layinmu, bai yi boko ba bai iya rubutu ba, da hannu kawai yake yi wa ɗansa nuni.

Ni kuwa a wata na uku na yanke jiki na faɗi a kicin. Aka auna, jinina ya hau. Haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance. Ɗinkin da nake yi ya mutu, masu kawo kaya sun koma wani wuri, babbar 'yata ta rasa zango guda a makaranta saboda ƙannenta. Ba wanda ke tambayar mai jinya, in ma ta yi ƙorafi a ce ba ta da haƙuri, ai lada take samu. Ladan muna so, amma mai neman lada ma tana buƙatar barci. Mutum biyu ba zan manta da su ba. Maƙwabciyata da ke kwashe yarana kullum bayan azahar ba tare da na roƙa ba. Da wani abokin Malam da ke zuwa duk Alhamis bayan la'asar, ba ya kawo komai, ba ya tambayar komai, su shimfiɗa tabarma su yi dara shiru har magariba, ni kuma in samu awa biyu in kwanta. Duk ranar asibiti shi ke kai mu a motarsa. Wannan ita ce dubiya. Ita ma Yaya mun shirya, kuma ba da bakina ba. Na roƙe ta ta raka mu asibiti, likita ya nuna mata hoton maƙogwaron a allon na'ura ya yi mata bayani da Hausa. A mota ta kama hannuna ba ta ce komai ba. Duk mai fama da dangi, shawarata ke nan, ki daina musu, ki tafi da mai bakin cikinsu wurin likita.

Yanzu ga inda nake son masu iko su ji. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sabbin cibiyoyin maganin daji a asibitocin koyarwa na Katsina da Enugu da Benin, an kuma ce na Zariya da Jos da Legas suna tafe. Wanda ya taɓa barin gidansa mako bakwai saboda na'ura ya san darajar wannan, kuma na yaba wa Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da duk mai hannu a ciki. Amma na'ura ƙona daji take yi, ba ta koya wa mutum haɗiya. A ƙasashen da suka ci gaba mai wannan ciwo na da mai koya masa haɗiya da magana, da mai tsara masa abinci, da likitan haƙori da zai duba shi tun kafin a fara gashi, da nas ɗin da zai kira in dare ya yi tsanani. Mu yawancin abin da na lissafa muku a sama a bakin wasu masu jinya na tsince shi a kan benci, ko bayan mun riga mun faɗa ramin. Ba laifin likitocin ba ne, na ga mutum ɗaya na duba layin da ya isa mutum biyar.

Wasu abubuwan ma ba kuɗi suke ci ba. Takarda ɗaya da Hausa, boko da ajami, a miƙa wa mai jinya ranar sallama, a rubuta abin da zai faru mako biyu masu zuwa, abin da za a ci, alamomin da in an gani a dawo da gudu, irin su jini, ƙarar numfashi, zazzaɓi, kasa shan ruwa, sabon ƙullutu a wuya, ciwon kunnen da ya ƙi tafiya. Lambar waya ɗaya da za a ɗauka. Sannan jihohi su horar da nas-nas na manyan asibitocin ƙananan hukumomi yadda ake kula da robar wuya. Daren da ta Malam ta toshe muka ruga asibitin da ke kusa, yarinyar da ke aiki ta yi iya ƙoƙarinta amma ba ta taɓa riƙe irinta ba, ni na nuna mata yadda ake ciro ta cikin, hannuna na rawa. Asusun tallafa wa masu cutar daji da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 da nau'i uku ya soma, na mama, na bakin mahaifa, da na mafitsara da ke kama maza. Ina roƙon hukumar NICRAT da 'yan majalisarmu su duba na kai da wuya, su kuma duba abin da ke bayan magani. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta ce inshora wajibi ce ga kowa, to a sa irin wannan kulawar a ciki a rubuce.

Mu kuma jama'a, in za a yi karo-karo a ware kashi ɗaya a ajiye sai an dawo gida. Domin komawa asibiti ba ta ƙarewa da sallama. Ana ɗaukar hoton farko wajen wata uku bayan gashi, shekarar farko ana ganin likita duk wata ɗaya zuwa uku, a riƙa tsawaitawa har shekara biyar, kuma in ciwon zai dawo ya fi dawowa a shekara biyun farko. Da yawa daga waɗanda muka fara layi tare sun daina zuwa, ba don sun warke ba, kuɗin mota ne babu, kuma kunya ta hana su sake roƙo tunda an riga an yi musu barka. Ga azumi ya ƙarato, masu fitar da zakka da masu rabon abinci, a unguwarku akwai gidan da katan ɗin madara da kiret ɗin ƙwai da kuɗin mota suka fi musu buhun shinkafar da mai gidan ba zai iya haɗiya ba. Kuma kada a matsa wa irinsu da maganar azumi, mutumin da ba ya iya minti ashirin bai jiƙa baki ba. Bara Malam bai yi ba, ya yi ta kuka a ɓoye, sai da limaminmu ya zo har gida ya kwantar masa da hankali cewa addini ya yi wa mara lafiya rangwame.

Yanzu kilonsa 63. Ya koma makaranta, an rage masa darussa, yana shiga aji da gorar ruwa da 'yar lasifika da ɗalibansa suka haɗa kuɗi suka saya masa. Tuwo yana ci in miyar mai yauƙi ce, sai dai kowa ya tashi ya bar shi a kan kwano, yakan kai minti 50. Tsire da kilishi har yau sai dai ya kalla. Ranar Talata muna da ganin likita, za a sake zura na'urar nan ta hanci a leƙa. Tun daren Lahadi na san ba mai barci a cikinmu, shi zai juya ya yi kamar yana yi, ni ma in yi kamar ban sani ba. Ku sa mu a addu'a.